Jan Turke a Makwancin Shanu

Daga Maijirgi har ƙauyukan da ke kan hanyar Mayahi, in ka ce Cha'ibu sai a tambaye ka wanne. In ka ce Mai Kilo kuwa, ko matar da ke daka a bayan danga ta san shi. Gajeren mutum ne mai faɗin kafaɗa, gemunsa ya fara fari, ba ya gaggawa a tafiya, ba ya gaggawa a magana. Ana ganinsa a kan wata tsohuwar moto mai ƙafa biyu, ya ɗaure ma'auninsa mai ƙugiya a baya cikin buhu, igiyar awo a wuya, kaye, littafin rubutunsa mai baƙin bango, a aljihun gaba.

Ɗan manomi ne. Ya yi shekara shida a lakwal, makarantar boko, a Tasawa, jarrabawa ta kada shi sau biyu, ya koma gonar ubansa bai yi wa kowa ƙorafi ba. Yana da aure da ɗa ɗaya lokacin da masu binciken noma suka zo daga Maraɗi suna neman wanda ya iya rubuta lamba ba tare da ya juya ta ba. Mai gari ya nuna shi. Aka ce aikin damina ɗaya ne. Damina talatin da biyu ya yi.

Aikin ba shi da wani ado. A auna fili, a kafa turaku, a ƙirga ramukan shuka, a ƙirga zangarniya, in kaka ta yi a sussuke a sheƙe a rataya a ƙugiya, a rubuta abin da allura ta nuna. Masana sun zo sun wuce ta hannunsa, Turawa da ƴan ƙasa. Wasu sun zama manya a Yamai, ana jin sunayensu a rediyo. Sunansa bai taɓa hawa kan takardunsu ba, shi kuma bai taɓa tambaya ba. Abu ɗaya aka san shi da shi: ba ya goge rubutu. In ya yi kuskure sai ya ja layi ɗaya siriri a kai, ya rubuta daidai a gefe, yadda mai dubawa zai ga abin da aka fara sawa. Manoma sun sha yi masa tsiya a kan haka. In allura ta tsaya ƙasa kaɗan da kilo ashirin, mai gona ya ce, "Haba Mai Kilo, cika mini mana, ai tsuntsaye ne suka ci sauran," sai ya ce, "To, kira tsuntsayen su zo in auna su." Ya rubuta sha tara da abin da ya ɗora.

Matarsa Fatsuma, mai soya ƙuli-ƙuli, takan ce ko tuwo aka zuba masa sai ya ɗaga kwanon ya ji nauyinsa kafin ya sa hannu.

A shekarunsa na ƙarshe a aikin aka haɗa shi da Raihana. Ɗiyar Korgom ce, ta yi karatun noma a Yamai, ta dawo tana neman babban digiri. Cha'ibu ya san kakanta, don haka a biro, wato ofis, yakan ce mata Madam, a kan hanya kuma ɗiyata. Ita Baba take ce masa ko'ina. Abin da ta zo gwadawa wani sabon irin hatsi ne mai saurin nuna, sunansa haruffa ne da lambobi, manoma suka huta da wannan suka sa masa ɗan Madam. Tambayar ɗaya ce: a irin ƙasarmu, a hannun manomanmu, ya fi zango, dogon hatsin da suka gada, ko bai fi ba?

Aka zaɓi manoma ashirin da huɗu. A kowace gona Cha'ibu zai nemi wuri mai ƙasa iri ɗaya tun kafin ruwa ya sauka, ya yanka fili biyu kusa da juna, metir goma-goma. Ɗaya ya kafa masa jajayen turaku, na sabon iri ke nan. Ɗayan farare, na zango. Ba taki, ba fifiko, noma ɗaya, rana ɗaya. Raihana ta bi gonakin da kanta ta yi wa kowa bayani, kowa ya ce ya ji.

Sai dai shuka a ƙasar nan ba ta jiran kowa. Ranar da aka yi ruwan farko mai jiƙa ƙasa, washegari da asuba gari duka yana gona. Mutum ɗaya da moto ɗaya ba zai tsaya a gona ashirin da huɗu a safiya ɗaya ba. Don haka aka bar wa kowane manomi irinsa a ƙulle, ya shuka da kansa, Cha'ibu ya biyo baya cikin kwanaki.

A daminar farko, da ya isa gonar wani dattijo Alkasim, a wani ƙauye tsakanin Urafane da Mayahi, sai ya tsaya. Ya tuna ya kafa jajayen turakun gabas da wani gawo. Yanzu ga su yamma da shi, wajen taku talatin. Alkasim Bagobiri ne, Cha'ibu Bakatsine, akwai wasa tsakaninsu, ba sa haɗuwa ba su taɓa juna ba.

"Kai Bagobiri, turakuna ƙafa suka yi?"

"Wa ya aike ka ka kafa su bisa gidan tururuwa? Ku Katsinawa ido gare ku kamar na ado. Da na bar su nan, da sun kwashe irin yarinyar nan kaf kafin ya tsiro."

Cha'ibu ya ja igiya, goma ta cika ta kowane gefe. Tsiro ya fito kyakkyawa. Rana ta take, akwai sauran gona biyar a gabansa, ga matar Alkasim ta kawo fura mai sanyi da nono. Ya sha, ya yi godiya, ya hau moto. Bai je ya duba gidan tururuwar ba. Kayen ma bai fito daga aljihu ba.

Kaka ta zo, ɗan Madam ya ba da mamaki. Ta biyu ya ƙara. Ta uku, da Raihana ta tara lambobin a ordinatar, wato kwamfuta, sabon irin ya fi zango da kusan rabi. Shugaban furojen, wato aikin binciken, Doktar Lamine, ya fara maganar raba shi a ƙauyuka sittin a damina mai zuwa, a ce wa mutane su sauya. Aka sa wa Raihana ranar da za ta tsaya gaban malamanta ta kare littafinta. Uwarta a Korgom har ta fara tanadin abin da za a dafa. Cha'ibu kansa, in ya shiga fili mai jan turke ya ga kara ya yi kauri, ganye ya yi shuɗi-shuɗi, yakan ji daɗi kamar gonarsa ce. Gara da hauya sun riga sun share duk wata alama da ke kan ƙasa kafin lokacin. Shi ma dai bai tona ba.

Saura mako uku a aika da rahoto ya je kasuwar Urafane neman igiyar ɗaure akuya. A karar shanu ya ci karo da Yusufu, makiyayi ne da ya sani tun da daɗewa, wanda kan sauka da garkensa a gonakin yankin da rani. Al'ada ce tsohuwa: shanu su ci kara su kwana a gona su bar taki, mai gona ya ba makiyayi hatsi da ruwan rijiya.

"Mai Kilo! An ce hatsinku ya yi suna har Maraɗi."

"Alhamdu lillahi. Ya iyali, ya dabbobi?"

"Lahiya lau. Amma in za a raba lada, a tuna da shanuna. Su ma ma'aikatan Madam ne, ko takarda ba a ba su ba."

Cha'ibu ya yi dariya don ya ga ana dariya. "Kamar yaya?"

"Ashe ba ka sani ba? Bara da bana Alkasim sai da ya riƙe ni kwana goma sha biyar a wuri guda. In na ce mu matsa gaba, ya ce a'a, nan baƙo zai sauka. Na ce wane baƙo ne mai kwana cikin kashin shanu? Ya ce irin Madam. Isma'il ma haka ya yi, da Muttaka na bakin rijiya. Wurin da shanu suka kwana, nan jan turke yake komawa. Kowa ya sani."

Wani mai saye ya taɓa bijimin Yusufu, ya juya wajen ciniki. Cha'ibu ya daɗe a tsaye. Ya koma gida ba igiya. Fatsuma ta tambaye shi, ya ce ya manta.

"Kai? Ka manta?" Ta dube shi da kyau, ta ajiye masa ruwa, ba ta ƙara ba.

Washegari ya zuba wa moto esansi, wato fetur, da kuɗin aljihunsa, ya fara zagaye. Kwana shida ya yi. An riga an yi girbi, kara na tsaye, turaku na nan. Yana da wata ɗabi'a tun da: duk inda ya kafa turke, yakan zana wurin a bayan kaye, ya sa itace ko suri ko hanya, ya rubuta taku nawa. Ba wanda ya taɓa neman zanen. Yanzu ya riƙa tsayawa a gindin itace yana takawa yana ƙirgawa. Inda turke ya yi daidai, ya yi hamdala. Inda bai yi ba, ya durƙusa ya tona da hannu, ya murza ƙasar, ya shinshina. Ƙasar jigawa fara ce, tana zuba ta tsakanin yatsu. Wadda shanu suka kwana a kai tana da duhu, tana ɗan kama hannu.

Bai yi wa kowa faɗa ba. Ya tambaya kawai, aka kuwa gaya masa ba ɓoye-ɓoye, wasu ma da alfahari. Muttaka ya ce, "Yarinya ta baro birni ta zo tana shan rana dominmu, sai mu jefa mata irinta a tsandauri? Mi za a ce da mu?" Isma'il ya ce shi dai ya ga Alkasim ya yi, hatsin ya yi kyau, Madam ta yi murna har ta ɗauki hoto, sai ya ga ai abin kirki ne. A wurinsu irin baƙo ne, mai shi kuma ɗiyarsu ce. In baƙo ya sauka, shimfiɗar da ta fi kyau ake ɗauko masa, ba a tambayarsa.

Gona goma sha uku aka matsa da turaku. Goma sha ɗaya suna inda aka kafa su, yawanci na waɗanda ba su da halin sauke makiyayi.

Da ya dawo gida a rana ta shida, ya zauna a zaure da kayen a cinya har la'asar ta yi sanyi. Abin da ke gabansa a fili yake. In ya yi shiru, ba mai sani a biro, Raihana za ta samu digirinta, shi kuma ya gama aikinsa da sunan da aka san shi da shi. In ya yi magana, aikin yarinyar na shekara uku zai tsage biyu, kuma tambayar farko da za a yi ita ce, ina mai kula da filayen yake? Amsar tana gonar Alkasim, a gindin gawo, ranar da ya sha fura.

Da safe ya sa rigarsa ta Juma'a, ko da yake Talata ce, ya tafi Tasawa.

Ya tarar da Raihana a ƙaramin biron da aka ba su, Doktar Lamine ma ya zo daga Maraɗi suna duba rahoton tare. Suka gaisa. Raihana ta jawo masa kujera tana fara'a.

"Baba, zo ka ga hatsinka ya zama zane." Ta juyo masa da ordinatar, ga dogon ja na sabon iri, ga gajeren fari na zango.

"Na gani, Madam. Ni ma na zo da nawa zanen."

Ya buɗe kayen ta baya ya ajiye a teburi. Ya yi bayani a hankali, gona bayan gona, da sunan mai ita da yawan takun. Bai ɗaga murya ba, bai tsallake ko ɗaya ba. Da ya zo kan Alkasim ya faɗi abin da ya gani a daminar farko da abin da bai yi ba.

Fara'ar ta bar fuskar Raihana tun a gona ta uku. Da ya gama sai ta ɗauko wayarta, wadda ta ɗauki alamar wurin kowane fili da ita ranar da aka kafa turaku, ba ta kuma sake dubawa ba. Ta gwada da hotunan da ta yi da kaka. Ta gwada biyu, ta gwada uku, ta kifa wayar.

"Shekara uku, Baba," ta ce, muryarta ta yi ƙasa. "Tun daminar farko ka gani."

"Na gani."

"Ka kuma bar ni ina ta rubutu."

"Na bar ki."

Ta tashi ta fita. Suna jin ta tana zuba ruwa daga buta a bayan ɗaki, ta daɗe. Da ta dawo idonta ya yi ja, ta zauna ta ware gonaki goma sha ɗayan nan ta sake lissafi. Dogon jan ya sauko har ya kusa yin kai ɗaya da farin. A shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri ya ɗan fi, don yana saurin nuna. A sauran biyun, bambancin bai kai a buga waya a gaya wa wani ba.

Doktar Lamine ba mugun mutum ba ne. Yana da ma'aikata goma sha huɗu da abincinsu ke rataye da furojen, ya kuma san masu ba da tallafi ba sa son labari mai rabi-rabi. Ya cire tabarau ya murza ido.

"Bon. Mu tsaya mu yi tunani. Ba wanda ya ƙirƙiri lamba a nan. Kilo ya auna, an rubuta. Mun ce za mu gwada iri a hannun manoma, to ga abin da manoma suka yi da shi. Mu rubuta haka: a yadda manoma ke sarrafa shi, ya fi da rabi. Akwai ƙarya a ciki?"

"Kowace kalma gaskiya ce," in ji Raihana.

"Voilà. Ki kare littafinki, a raba iri, badi mu gyara tsarin a natse. Irin nan ba guba ba ne, ɗiyata. Ba wanda zai mutu don ya shuka shi."

Raihana ta sake duba zanen. Sai ta juya wajen Cha'ibu.

"Baba, in aka kawo maka shi Maijirgi aka ce ka bar zangonka, ya fi da rabi, za ka bari?"

Cha'ibu ya dube ta. "In ke kika faɗa, zan bari, Madam. Mutane da yawa za su bari." Ya gyara hularsa. "Gonata dai jigawa ce. Rabon da shanu su kwana a cikinta tun babana na da rai. Zango kuma, in mutum ya cinye irinsa ya wuce shekara guda, sai ya bi gari yana roƙo."

Wani mai amalanke ya wuce ta bakin taga yana yi wa jakinsa tsawa.

"Doktar," in ji Raihana, "zan raba su biyu in faɗi dalili. In kira malamaina in ce a ɗaga ranar."

"Shekara guda za ki rasa. Wataƙila fiye."

"Na sani."

"Uwarki fa?"

"Ita ce mai wuyar," ta ce, ta yi ɗan murmushin da bai kai ido ba. "Malaman sun fi sauƙi."

Lamine ya mai da tabaransa, ya dube su su biyu, ya ce shi ba zai sa hannu a kan abin da mai aikin ba ta yarda da shi ba, amma kada wani ya zaci abin zai wuce ba a ji a jiki ba.

Kwana biyu bayan haka Raihana ta kira Cha'ibu ta karanta masa sakin layin da ta ƙara a rahoton, tana juya masa shi da Hausa. Fushinta ya sauka. Ta rubuta cewa wasu manoma sun saɓa wa ƙa'idar gwaji sun matsa da filaye ba da sanin masu bincike ba. Ba sunansa a ciki ko ta gefe.

"Sake karanta mini wurin nan na ba da sani ba."

Ta sake.

"Ba haka aka yi ba, ɗiyata."

"Baba, saura shekara biyu ka huta. Bar shi haka. Ai sun matsa ɗin."

"Sun matsa. Amma wanda zai karanta wannan a Yamai ko a Turai bai san Alkasim ba. Zai ce mutanen ƙauye ne, an ba su amana sun yi wayo. Gobe wani ya zo da nasa gwajin, ya zo yana kallonsu da wannan idon. Su kuwa karamci suka yi miki da abin da suka fi ji da shi. Takin nan da sun zuba wa nasu hatsin, da rumbunsu ya shiga." Ya nuna takardar da yatsa. "Mun gaya musu kada a sa taki. Ba mu gaya musu don mi ba. Wanda aka sa ya duba kuma ya gani ya yi shiru. Sa haka."

"Ni ma ina da alamar a waya ban duba ba."

"To, sa wannan ma, in kina iyawa."

Ta sa duka biyun.

Abin da ya biyo baya bai zo da hayaniya ba. Masu tallafi ba su rufe furojen ba, amma maganar ƙauyuka sittin ta tsaya. Aka ba da damina ɗaya a sake gwaji a gonaki kaɗan, wannan karon fili huɗu a kowace gona: kowane iri a wurin taki da wurin da ba taki, tunda manoman da kansu sun nuna tambayar da ya kamata a yi tun farko. Ɗaya daga malaman Raihana ya rubuto mata cewa sakin nan ya fi sauran littafin amfani, wani kuma ya daina amsa wayarta na ɗan lokaci. Uwarta ta yi mako biyu tana gaya wa maƙwabta an ɗaga ne saboda malamin ba shi da lafiya.

Shi kuwa Cha'ibu, da takardar aikinsa ta ƙare a ƙarshen shekara, ba a sabunta ta ba. Lamine ya gaya masa da bakinsa, a tsaye, yana kallon ƙasa. Ya ce dole a nuna an ɗauki mataki. Cha'ibu ya ce ya fahimta, ya miƙa ma'auni da igiya, ya roƙi abu ɗaya: a bar shi ya zagaya gonakin ya yi wa mutane bayani da kansa kafin sabon ma'aikaci ya zo.

Wajen Alkasim ya fi wuya. Labari ya riga shi isa, a karkace. Ya tarar da dattijon a ƙofar gida yana gyaran ƙotar hauya, ko tabarma bai sa a kawo ba.

"An ce mun zama ɓarayi a takarda."

"Wa ya ce? Ni na ji takardar da kunnena. Sunan ɓarawo ɗaya ne a ciki, Bakatsine ne."

Alkasim ya ɗago. "An ce sun sallame ka."

"Sun hutar da ni."

"A kan kashin shanu?"

"A kan furar matarka. Da ba ta yi daɗi ba, da na je na duba tururuwar nan taka."

Dattijon ya so ya yi dariya, ya danne. Ya ajiye hauyar. "To ni mi na yi na laifi, Cha'ibu? Tsakani da Allah. Na ga yarinya da ƙoƙari, na ce kada ta ji kunya."

"Ba ta zo don a fid da ita kunya ba, Alkasim. Ta zo ta ji ko irin nan zai ciyar da wanda ba shi da ko akuya. Kai ka ba shi kwana goma sha biyar na shanun Yusufu. Wa zai ba shi a gonar Zara'u, da mijinta ya rasu ya bar ta da faƙo?"

Alkasim ya mai da kallonsa hanya. Zara'u ƙanwar matarsa ce.

"Da sai ta zubar da zangonta," ya ce a hankali.

"Da sai ta zubar."

"Kai, ku kawo tabarma mana!" ya daka wa cikin gida tsawa. "Kun bar bawana a tsaye kamar turke." Ya juyo. "Bana ko bisa dutse aka kafa su, nan za su kwana. Amma ka gaya wa Madam, in irinta ya ji yunwa, ba ruwana."

Ruwan farko na daminar ya sauka ranar wata Laraba da yamma. Da asuba Cha'ibu ya farka yadda ya saba, har ya kai hannu wajen makullin moto, sannan ya tuna. Ya ɗauki sungumi ya bi Fatsuma da ƴaƴansu zuwa gona. Shekara talatin da biyu yana gonakin mutane a irin wannan safiya, tasa sai dai ya zo ya tarar an shuka.

Yana gaba yana sara, tana biye tana jefa iri tana rufewa da ƙafa. Ba a yi layi uku ba ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Malam, in taku za ka riƙa ƙirgawa tsakanin rami da rami, ƙasar nan za ta bushe ba mu kai tsakiya ba."

"Layin ya karkace."

"Hatsi bai san layi ba. Sara mu tahi."

Zango suka shuka, gonar duka. Sai can gefen da take zubar da sharar garken awakinta, ya ciro wani ɗan ƙulli daga aljihu, wanda Raihana ta ba shi ranar da suka yi sallama, ya sara layi biyu ya ce ta jefa wannan.

"Wannan ma aunawa za ka yi? Da wane kilon?"

"Da tiyarki," ya ce, yana nufin kwanon awonta.

"Tiyata ba ta zuwa gona," in ji Fatsuma, ta karɓi ƙullin ta kwance.